Haƙora Uku Daga Bakin Teku

Asabar, 7 ga Yuni, 2025

Washegarin Sallah. An babbake kan ragon, an ajiye shi a faranti gaban Baba kamar kowace shekara, ga ɗan gatarinsa a gefe. Ya dube shi, ya kau da kai. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana fasa kai a kasuwar Tudun Wada, wanda har gobe in ka ce Nagoda mai kai da ƙafa tsofaffin unguwa za su nuna maka gidan nan. Ƙarshe Kailani ne ya fasa, ya yi masa fasawar banza, ƙwaƙwalwa ta zube a ƙasa. Da a da ne da ya sha faɗa har la'asar. Yau sai Baba ya ce masa, "Sannu da aiki, samari. Ɗan gidan wa ne?"

Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, da furfurarsa a gemu. Na ga idonsa ya kaɗa.

Bayan azahar ya same ni a madafa. Wai in bar shi ya tafi da Baba gidansa na Dutsen Abba. Akwai katanga, akwai get, shi namiji ne zai riƙa yi masa wanka, ni kuma ga ciwon baya ga makaranta. Na ce a gidan nan aka haife shi, nan ya san ƙofa, kuma ya san ni.

"Ya san ki, Yaya? Yaushe rabon da ya kira sunanki?"

Har sai da na yi dariya. Yaushe ya taɓa kira? Ni ce 'yar fari. Shekarata hamsin da huɗu, ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. "Ke." "Yarinyar nan." Shi ke nan. Na ce wa Kailani rashin kiran ma ai shi ne shaidar yana sane, kunyar ɗan fari ce ba ta sake shi ba.

Ya ce to, mu ga ƙarshen wata. In ta tabbata bai san ni ba, babu bambanci tsakanin nan da can, sai dai can ya fi tsaro. Na ce na yarda, don na san ba za ta tabbata ba.

Talata, 10 ga Yuni

Baba ya sake fita ina makaranta. Wani mai Keke Napep ne ya dawo da shi. A kasuwa aka gan shi tsaye inda rumfarsa take da, yanzu shagon cajin waya ne. Ban gaya wa Kailani ba.

Alhamis, 12 ga Yuni

Adaobi ta zo. Ƙawar 'yata Hanifa ce, tare suke aikin nas a Ingila, ta zo ganin iyayenta a Sabon Gari. Ta durƙusa ta gai da Baba da Hausarta tas, ya amsa mata da fara'a fiye da yadda yake amsa mana. Ta ce, "Mama, 'yarki ta ba ni kaya mai nauyi, ban san duwatsu take aiko muku ba."

Na zata turare ne ko maganin baya. Safa ce guda ɗaya a ƙulle, a ciki abubuwa uku baƙaƙe wuluk, masu nauyi kamar dutsen guga. Haƙora. Sai ambulan da 'yan takardu uku a ninke, ta sa musu lamba.

Na kunna saƙon muryar da Hanifa ta turo. Wai garin da take aiki a bakin teku yake, in ba ta da aiki takan bi gaɓa tana tafiya don kewa ta rage. Bayan an yi iska mai ƙarfi teku kan amayo irin waɗannan, mutanen garin suna tsinta. Ta kai su gidan tarihi, wata mata ta duba ta rubuta mata sunan kowace dabba. "Umma, kar ki buɗe takardun sai angona ya faɗi nasa. Ki ce masa amaryarsa ce ta aiko da jarrabawa. In ya faɗi jarrabawar na fasa auren."

Tana wasan jika da kaka kamar yana nan yadda ta bar shi shekara uku da suka wuce. Laifina ne. Kullum ce mata nake da sauƙi.

Juma'a, 13 ga Yuni

Ban nuna wa Baba ba. Tsoro nake ji.

Na ɗauko tsohon littafina na bayoloji na zauna da su a tsakar gida. Shekara ashirin da takwas ina zana wa 'yan mata haƙorin mai cin ciyawa da na mai cin nama a allo, yau an miƙo min na gaske na kasa gane su. Na farko dogo ne kamar yatsana na tsakiya, mai kusurwa huɗu, samansa da zane a murɗe. Na biyu gajere, mai ɓari biyu. Na uku ban ma yarda haƙori ba ne, ya cika tafin hannuna, faifai-faifai a manne kamar an jera yankan burodi. Abin da na iya cewa kawai duk masu cin ciyawa ne. Wannan ko 'yar aji ɗaya ta faɗa.

Sai na tuna gwangwanin madarata. Ina 'yar shekara bakwai nakan laɓe bayan rumfar Baba in tsinci haƙoran raguna a ƙasa, in wanke, in jera su babba da ƙarami. A ɓoye nake yi, don na san in ya gani zai ce ƙazanta ce. Bai taɓa kama ni ba. Ko juyowa ba ya yi in ina wurin.

Lahadi, 15 ga Yuni

Alhamdu lillahi. 

Da hantsi, bayan ya sha kunu, na sa wa Baba na farko a hannu. Da farko ya riƙe shi kamar yadda yake riƙe duk abin da aka ba shi yanzu, sakaka. Sai babban yatsansa ya hau kan zanen. Na ga bayansa ya miƙe. Ya juya shi, ya auna nauyinsa, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa shi a haƙorinsa ɗaya da ya rage a gaba.

"Doki ne."

Muryarsa ta da, ta kasuwa. Ya ce matauni ne na sama, na ƙasa ba ya yin faɗi haka, tsukakke ne. Ya ce dubi tsawonsa, bai ci ko rabinsa ba, saurayin doki ne, shekara biyar ko shida. Da can shi ake kira zuwa kwata in an kawo naman da ake shakka, ya duba kai ya ce na jaki ne ko na doki, a kori mai shi. Sai ya ɗaure fuska ya ce, "Amma ke, wa ya binne shi? Wannan ya sha ruwa har ya zama dutse. Tun kafin kakana ne."

Ke. Ya ce ke, yana dubana.

Na shiga ɗaki na buɗe takarda ta ɗaya. Doki, haƙorin sama, shekaru dubbai. Na zauna bakin gado na yi kuka mai isata, sannan na kira Kailani.

Litinin, 16 ga Yuni

Kailani ya zuba min ruwan sanyi. "Yaya, ai Fatiha ma yana kawo ta ba gyara. Sanin doki daban, sanin ki daban." Na kashe wayar a kunnensa. Ban taɓa yi masa haka ba, kuma ban yi nadama ba.

Shi me ya sani? Shi da ake ƙwala masa kira tun daga zaure, Kailani kawo wuƙa, Kailani kawo ruwa. Ina yarinya har kishinsa nake, ko zagin da ake haɗawa da sunansa. Ranar da na zo ta ɗaya a jarrabawar gama firamare, Baba ya karɓi takardar, ya juya min baya, ya ce wa Inna, "Yarinyar nan ta yi ƙoƙari." Ranar da aka kai ni gidan miji bai fito ba. Ranar da na dawo gidan nan bayan na gama takaba, ya share min ɗakin Inna da hannunsa, ya fita kafin in iso. Haka muke ni da shi. Na iya karanta shirunsa tun ban iya karanta allo ba, yanzu wani zai ce min ban san bambancinsa da mantuwa ba.

Laraba, 18 ga Yuni

Mummunar rana. Baba ya ƙi abinci, ya ture kwanon. Ya ɓata jikinsa. Na yi na yi in ɗaga shi, bayana ya riƙe, muka zube tare a tabarma. Sai da na leƙa na roƙi Malam Sabo maƙwabci ya zo ya yi masa wanka. Ina tsaye a waje ina jin Baba yana ba shi haƙuri. Kunya kamar in nutse.

Wannan ma ban gaya wa Kailani ba.

Asabar, 21 ga Yuni

An kwana biyu ana ruwa, ɗakinsa ya fara yoyo ta kusurwa. Yau ya tashi da ɗan haske a ido, na ba shi na biyu.

Bai daɗe ba. Ya ce dangin saniya ne, na ƙasa. Ya kamo yatsana ya ɗora a kan wani ɗan siririn ginshiƙi da ke tsakanin ɓari biyun. "Kin ji wannan? Tumaki da awaki ba su da shi. Da shi ake gane na shanu ko a duhu." Rabon da Baba ya riƙe hannuna na manta, in ma ya taɓa. Ya ci gaba da murza shi, ya girgiza kai. Wai ba saniyarmu ba ce, ko bijimin Fulani bai kai haka ba, sai dai ko ɓauna. Kuma tsohuwa ce, ta cinye haƙorin har ya kusa dasashi. "Wannan da ƙyar take tauna a ƙarshenta. Yunwa ce ta kashe ta, ba wuƙa ba."

Takarda ta biyu ta ce wata irin ɓauna ce ta ƙasashen sanyi, wadda ta ƙare a duniya tuntuni. Mutumin da bai taɓa wuce Kaduna ba.

Na yi murna, amma ba kamar ta ranar Lahadi ba. Da na kawo masa tuwo da yamma na tsaya ina kallon yadda yake juya loma ɗaya a baki, yana juyawa. Na koma na dama masa koko.

Talata, 24 ga Yuni

Hanifa ta kira ta bidiyo. Ta yi ta ihun murna angonta ya ci biyu. Sai ta ƙura min ido ta ce, "Umma, kin rame." Na ce hasken wayar ne.

Bari in rubuta abin da ban gaya wa kowa ba. Kowace safiya in na kai masa ruwan alwala sai na ce, "Baba, wace ce ni?" Sai ya ce, "Ke ce mana." Wata bakwai ke nan da wannan amsar nake rayuwa. Jiya na ji Adaobi da ta zo sallama ta tambaye shi cikin wasa ko ya gane ta. Na bar wurin kafin ya amsa.

Na uku na ajiye sai ranar Lahadi, Kailani zai zo. Ya gani da idonsa.

Lahadi, 29 ga Yuni

Ban san ta inda zan fara ba.

Kailani ya zo bayan la'asar, ruwa ya ɗauke, muka shimfiɗa wa Baba tabarma a baranda. Na fara ba shi na dokin da na ɓaunar, ya maimaita duk abin da ya faɗa, bai sauya ko kalma ba. Na dubi Kailani ina jin kaina kamar wadda ɗalibarta ta ci gasa. Sannan na miƙa masa na uku.

Ya karɓa da hannu biyu. Ya bi faifan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya kirga, ya sake kirgawa. Ya ƙwanƙwasa. Ya ɗaga shi sama saitin haske. Ya ce haƙori ne, babu shakka, kuma gutsure ne, cikakkensa zai kai tubali. Ba raƙumi ba, ba dorina ba, ya taɓa ganin kan dorina wajen wani maharbi. Ya daɗe yana juya shi, har na fara jin tausayinsa, na miƙa hannu in karɓa.

Sai ya ɗago ya dube ni sosai, ido cikin ido, yadda bai taɓa yi ba. Ya ce:

"Baiwar Allah, wannan ya fi ƙarfina. Amma ina da 'ya, Fiddausi. Malama ce, dabbobi take koyarwa. Ki kai wa Fiddausi."

Kunnena ya yi dum.

Bai tsaya ba. Ya gyara zama yana murmushi, irin na mai ba baƙo labari. Wai tun tana 'yar mitsitsiya take tsince haƙoran raguna a bayan rumfarsa tana tarawa a gwangwanin madara, tana tsammanin bai gani ba. "Ni nake cire su in watsa mata a wurin da sassafe, masu kyau, don ta samu. Ba na juyawa, kar ta ji kunya ta daina. Fiddausi ta fi ni kai nesa ba kusa ba. Duk Tudun Wada babu kamarta."

Sau uku. Na kirga. Yana fitar da sunan tsaf, har da ɗan ja a ƙarshe, kamar wanda ya daɗe yana faɗinsa a ciki.

Kailani ya tashi ya fita zaure. Ina jin sa yana fyace hanci.

Baba ya danƙa min haƙorin, ya rufe hannuna a kansa. Ya ce, "Kin san gidan?" Na ce na sani, Baba. Zan kai mata.

Litinin, 30 ga Yuni

Ban je makaranta ba. Shekara hamsin da huɗu ina jiran in ji, ga shi na ji.

Laraba, 2 ga Yuli

Kailani bai ce uffan kan ƙarshen wata ba. Ya aiko Rahma matarsa da farfesu, ta share tsakar gida ta tafi. Da ya zo ya ce min ai na gaya miki, da na sami abin yin faɗa da shi. Ya hana ni ko wannan.

Haushi nake ji, ban san na wa ba. Na Baba, da ya bari sai da ya rasa ni sannan ya faɗa. Na al'adar da ta sa uba ya watsa wa 'yarsa haƙora a ƙasa ya juya baya. Nawa, da na yi wata bakwai ina riƙe da tsoho a ɗaki mai yoyo don in ji an ce "ke ce mana", abin da yake ce wa kowa. Na tambayi Malam Sabo, shi ma haka yake ce masa, kai ne mana.

Da rana na buɗe takarda ta uku. Giwa ce, irin ta zamanin ƙanƙara mai gashi a jiki, wadda babu ita yanzu. Na je na tsuguna gabansa na ce, "Baba, Fiddausi ta duba. Ta ce giwa ce ta zamanin da."

Ya tafa hannu. Ya yi dariya har da tari. "Giwa! Ban gaya miki ba? Ban ce miki za ta sani ba?"

Matar gidan tarihi ce ta sani, ba ni ba. Ban gyara masa ba.

Asabar, 5 ga Yuli

Ni na kira Kailani. Ba wai na sauya ra'ayi ba ne, yoyon ɗakin ne ya yi yawa.

Mun kai shi da hantsi. Bai waiwayi gidan ba, bai tambayi inda za mu ba. Na haɗa masa buzunsa, butarsa, ɗan gatarin, da haƙoran uku a gwangwanin madara. Ɗakin da suka gyara masa yana da taga babba da ke kallon bishiyar mangwaro. Ya fi nasa. Na rubuta, ya fi nasa.

Na dawo na tarar da gidan tsit. Na dafa shinkafa ta mutum biyu ban sani ba.

Lahadi, 6 ga Yuli

Na je bayan azahar. Na biya ta kasuwa na karɓo muƙamuƙin akuya wajen masu kai da ƙafa, na wanke shi tas. Ya ce akuya ce, ta haihu sau uku ko huɗu, kuma wanda ya fasa kan bai iya ba. Kailani na gefe ya sunkuyar da kai, muka yi dariya mu biyu, ta farko tun Sallah.

Sai da na fito bakin titi na tuna ban yi masa tambayar nan ta kullum ba. Mantawa na yi, ina jin. Abin da na ce da zan tashi shi ne, "Baba, akwai saƙo wurin Fiddausi?"

Ya yi ɗan tunani. Ya ce, "Ki ce ta riƙa cin abinci, ba ta da jiki. Kuma ta leƙo ni in ta sami sarari. Ta daɗe ba ta zo ba."

Na ce zan faɗa mata.

Na ci shinkafar jiya duka, har da ƙanzo. Gobe in an tashi makaranta zan koma, ba don komai ba, in gaya masa saƙo ya isa.